Gawar da Sarkin Yaƙi Ya Ɗauka Shi Kaɗai

Sarki Mihrzad ya mutu a inda bai kamata mutum ya mutu ba, kuma a ranar da ba ta dace ba. A cikin ɗakin wuta ya faɗi, da hantsi, da itacen ƙamshi a hannunsa, alhali rundunar ƙanensa Farnush ta riga ta kafa sansani a ƙetaren kogin Zarabi da niyyar ƙwace gadon sarauta.

Mutum uku ne suka gani. Akwai Mobad Azarmah, wato babban malamin da ke kula da wutar. Akwai Waziri Dadbeh. Sai Sarkin Yaƙi Warazan, wanda ya shigo karɓar umarni a kan mashigin kogi. Sarki ya miƙa hannu zai ɗora itace, sai ya waiwaya kamar wanda aka kira daga baya, ya durƙushe. Shi ke nan. Ba ciwo, ba wasiyya.

Sai mutum ya san Farisawan wancan zamani kafin ya gane girman abin. Majusawa ne. A wurinsu Ormazd shi ne ubangijin haske da gaskiya, Ahriman na duhu da ƙarya, duniya kuma filin dagar su biyun ce. Wuta da ruwa da ƙasa masu tsarki ne, gawa kuwa babu abin da ya kai ta ƙazanta. Ba sa binnewa, ba sa ƙonawa. Kan dutse suke kai mamaci, ungulaye su yi aikinsu. Sun ce da rai ya fita, wata aljana mai suna Nasu takan taso daga arewa a siffar ƙuda ta shige gawar, wanda duk ya taɓa sai ta tsallaka jikinsa. Kowane sarki kuma da wutarsa: ran naɗinsa ake kunna ta, ran mutuwarsa a kashe. Hakiman ƙasar Rayushan da suka kawo dawakansu yaƙin nan, rantsuwar da suka yi ita ce suna bayan Mihrzad muddin wutarsa na hayaƙi. In hayaƙi ya ɗauke, kowa ya ci gashin kansa har a naɗa wani. Yarima Shadfar mai jiran gado kuwa yana can iyakar gabas, tafiya mai nisa.

Mobad ne ya fara magana, ta bayan farin ƙyallen da yake rufe baki da shi don kada numfashinsa ya taɓa wuta.

"A kira masu ɗaukar gawa, a zo da kare ya dube shi. Ni kuma zan kashe wutar."

"In ka kashe ta ka kashe garin," in ji Waziri. Tsoho ne siriri mai taushin murya, irin wanda ba a taɓa jin ya ɗaga harshe ba. "Sarkin Yaƙi, gaya wa malam hakimai nawa za su kwana a sansaninmu in suka ga rufin nan ba hayaƙi."

"Ba za su kwana ba," in ji Warazan. "Rabi za su koma gida. Rabin su ƙetara wurin Farnush tun kafin rana ta faɗi, da Sohrak Hakimin Tuddai a gaba."

"To ka ji."

"Wutar mamaci tana ci, ƙarya ce ake yi da hayaƙi," in ji Mobad. "Kuna so in yi wa Ahriman aiki a cikin ɗakin Ormazd?"

"Ba mu ce ka faɗi kome ba, malam. Ka ci gaba da ɗora itace, bakinka a rufe yadda yake. In Farnush ya shigo, masu bautar aljannu ne ke biye da shi, ka sani. A nan za su gasa nama."

Mobad ya dubi wutar. Daga baya ya ce, "Ba zan ce yana da rai ba. In aka tambaye ni a gaban jama'a, zan faɗi gaskiya. In ba a tambaya ba, zan yi shiru. Amma gawar nan ba za ta ƙara zama kusa da wuta ba. Nasu tana hanya."

Nan ne maganar ta tsaya. Masu ɗaukar gawa a bayan gari suke zaune, in sun shigo suna kaɗa ƙarfe don mutane su kauce. Kiran su daidai yake da yin shela a kasuwa. Dokarsu kuma ta ce mutum biyu ke ɗaukar gawa, da igiya ɗaure tsakaninsu, don ƙarfin aljanar ya rabu biyu, wanka da keɓewa su iya fitar da ita. Wanda ya ɗauka shi kaɗai, ta shige shi har farce. Babu wankan da ke wanke shi. Ba ya ƙara kusantar wuta, ba ya taɓa ruwa mai gudu, ba ya taɓa mutum, har ya mutu.

Warazan ya kwance ɗamararsa ya miƙa wa Waziri gefe guda. "Riƙe nan, ranka ya daɗe. Ba sai ka ɗaga kome ba, ni zan ɗauki nauyin. Ka dai riƙe mu tafi."

Waziri ya mai da hannayensa cikin riga. "Wa zai zauna gaban labulen da sarki ke zama a bayansa ya yi magana da yawunsa? Hakimai hannuna suke sumbata in sun shigo. Kai a fili kake yini bisa doki, ba mai matso ka."

"Malam fa?"

"In na taɓa, babu mai ɗora itace," in ji Mobad, bai dube shi ba. "Hayaƙin da kuke so ya tsaya ke nan."

Warazan ya dubi wannan, ya dubi wancan. Mutum ne ƙaƙƙarfa da ya haura hamsin, tun yana saurayi yake bin Mihrzad, yana da mata da 'ya'ya da gonar rumman a bakin kogi. Ya san abin da ake tambayar sa, su ma sun san ya sani. Wani ƙuda baƙi, babba, ya shigo ta tagar arewa ya kewaya ɗakin a hankali, ƙararsa ta fi ta wutar.

"Ku kauce daga ƙofa," in ji shi.

Ya naɗe sarki cikin tsohuwar darduma, ya saɓa a kafaɗa, ya fita ta ƙofar da ake zubar da toka. Rana ta take. Duk gari yana kan ganuwa ana kallon tutocin Farnush, ba wanda ya waiwayi busasshen kwarin da ya haura zuwa Dutsen Ungulu. Mihrzad ɗan ƙaramin mutum ne, amma kowane taku sai ya ƙara nauyi. A tsakiyar hawan, ƙudan nan ya sauka a ƙeyar Warazan. Bai ji cizo ba. Sanyi ya ji, kamar an ɗiga masa ruwan randa, ya bi ƙashin bayansa ya sauka har dunduniya.

Da ya kai sama ya tarar da ungulaye sun jeru a kan duwatsu, fuskokinsu duka suna kallon hanyar da ya fito. Ba su tashi ba. Ya kwantar da sarki, ya tuɓe masa tufafi yadda ake yi, ya danne gashinsa da ƙafafunsa da duwatsu don kada wata dabba ta ja ƙashi zuwa ruwa. Da ya miƙe, baki ya riga tunani, ya ce, "Na bar ka lafiya, ranka ya daɗe." Ya ji abin da ya faɗa, ya yi wata 'yar busasshiyar dariya, ya juya. Bai yi nisa ba ya ji fukafukai.

A gindin dutsen karen ɗakin wuta na tsaye a kan hanya. Rawaya ne mai ɗigo biyu a saman idanu, wanda ake kaiwa ya dubi mamata don ya tsorata aljanar. Kullum in ya ga Warazan sai ya zo yana kaɗa wutsiya. Yau bai matso ba, bai yi haushi ba. Ya tsura masa ido, tsayin lokacin da yakan yi a kan gawa, sannan ya kau da kai ya tafi, kamar wanda ya gama aiki.

Da la'asar aka yi zaman shawarar yaƙi. Warazan ya sa aka yi shi a fili, shi yana bisa doki, hakimai a kan shimfiɗu. Aka zaga da ƙoƙon rantsuwa, ya ce ya yi alwashi ba zai sha da kowa ba sai an ci nasara. Hakimin Tuddai, Sohrak, wanda ya fi kowa yawan mahaya da faɗin baki, ya miƙa masa hannu, ya ga hannun ya tsaya a iska.

"Sarkin Yaƙi ya yi girma yau," in ji Sohrak. "Ko ƙazuwa ce ta kama ka, kake ɓoyewa?"

Aka yi dariya. Ana cikin haka manzon Farnush ya iso da koren reshe a hannu. Ya tsaya ya yi gaisuwa irin ta fada, ya ce:

"Farnush ɗan Sarki, Zakin Arewa, mai riƙe da ƙasashen bayan kogi, yana gaida wansa. Ya ce jini ɗaya ba ya son ya zuba a ruwa ɗaya. A buɗe labule in ga fuskar Mihrzad, in faɗa masa sharuɗɗan ubangijina baki da baki."

Waziri ya amsa daga kan kujerarsa. "Sarkin Sarakunan Rayushan, Inuwar Ormazd, ya shiga keɓewa a gaban wutarsa. Ba ya ganin mai tawaye, ba ya ganin karen mai tawaye. Dubi rufin can ka kai wa ubangijinka labarin abin da ka gani."

Manzo ya dubi hayaƙin. Sannan ya juya ya dubi Dutsen Ungulu, inda tsuntsaye suka yi baƙi ƙirin a sama suna kewayawa.

"Na ga hayaƙi," in ji shi. "Wane babban mutum kuka kai dutse yau, ban ji an kaɗa ƙarfe ba?"

Hakimai suka ɗaga kai. Warazan ya ji sanyin nan ya motsa a bayansa. Ƙarya a wurinsu zunubi ne da ya fi kisa, shi kuma bai saba da ita ba, don haka ya nemi maganar da ba ƙarya ba.

"Ungulu ta fi ka sanin inda nama yake," in ji shi. "Ka ce wa Farnush gobe za su ƙoshi."

Hakimai suka yi guɗa irin ta maza, suka buga garkuwa. Manzo ya tafi. Sohrak kaɗai bai buga ba, yana ta kallon dutsen.

Da aka zo tsara yaƙi, kowa ya ce a ƙetare da asuba a auka wa Farnush kafin ya shirya, tunda ruwa ya ja baya. Shawara ce mai kyau, Warazan ma da ita ya shiga ɗakin wuta da safe. Amma yanzu ba shi da ikon sa ƙafa a kogi. In ya shiga, ya ƙazantar da ruwan da gari ke sha, ya jawo wa rundunar fushin da ya fi na Farnush.

"Ba za mu ƙetare ba," in ji shi. "Za mu ja da baya mu bar musu mashigin."

"Mu bar musu?" in ji Sohrak. "Kakana ya mutu a kan mashigin nan. Ko tsufa ne ya sa ka tsoron jiƙa wando?"

"In rabinsu sun hau tudu, rabi na cikin ruwa, ka fito daga bayan gonata ta rumman ka yanke su biyu. In kana son jiƙa wando, a nan za ka samu dama."

Haka aka yi. Da gari ya waye Farnush ya ga gaɓar kogi ba kowa, ya tabbata zancen manzonsa gaskiya ne, sarki ya mutu, hakimai sun watse. Bai jira 'yan leƙen asiri ba, ya turo runduna cikin ruwa, masu sulke a gaba, 'yan baka a baya. Warazan ya bari har masu sulke suka hau tudu suna matse riguna. Sannan ya ɗaga mashi. Aka busa ƙaho, Sohrak ya fito daga gonar rumman da mahayansa ya datse mashigin, sauran hakimai suka gangaro daga gaba. Waɗanda suka hau tudu ba su da wurin ja da baya, waɗanda ke cikin ruwa ba su da wurin ɗana baka. Dawakai suka riƙa tattake mutane a cikin laka. Warazan ya shiga tsakiya yana sara kamar wanda ke neman a kashe shi, amma duk wanda ya fuskance shi sai ya ga dokinsa ya toge ya ƙi matsowa. Kafin rana ta yi tsaka an gama.

Farnush ya tsere da kibiya a cinya. Warazan ya gan shi, ya bi shi, har ya kai yana ganin gumin da ke bayan wuyansa. Farnush ya faɗa kogi da doki. Ruwan bai wuce gwiwar doki ba. Tsalle ɗaya ya rage.

Warazan ya ja linzami da ƙarfi har dokin ya zauna a kan ƙafafun baya, kofatonsa a kan busasshen yashi. Ya tsaya nan yana kallo, Farnush ya haye ya shige cikin ciyayi. Runduna duka ta gani.

Da yamma aka taru a farfajiyar ɗakin wuta don godiya. Warazan ya tsaya can bakin ƙofar waje, nesa da kowa. Ba a fara ba Sohrak ya miƙe, jini bai bushe a rigarsa ba.

"Ya ku hakiman Rayushan, ina da magana. Mutumin nan ya ƙi shan rantsuwa da mu. Ya ƙi hannuna. Ya hana mu ƙetare. Da abokin gaba ya zo ƙarƙashin mashinsa, ya sake shi a gaban idonmu. Ni na ce an saye shi. A fito da sarki ya yi hukunci."

Warazan ya dubi Waziri. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta kashe maganar. Amma a ranar wani manzo ya iso daga gabas cewa Yarima Shadfar, wanda ya taso tun da ya ji labarin yaƙi, ya kusa, Farnush kuma ba shi da sauran runduna. Waziri ba ya bukatar Sarkin Yaƙi kuma, musamman wanda ya ga lokacin da ya ɓoye hannu cikin riga.

"Zargi ne mai nauyi," in ji Waziri a hankali. "Maganinsa kuwa mai sauƙi. Sarkin Yaƙi ya shiga ya tsaya gaban wuta ya rantse. In ya rantse, ni da kaina zan sa a yanke harshen Sohrak."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, ana hango wutar tana ci shiru. In ya shiga ya rantse, za a yarda da shi, ya koma gidansa, ba mai sani sai mutum biyu da kare. Mobad na tsaye a bakin ƙofar, idanunsa kawai ake gani a saman ƙyalle. Warazan ya yi tunanin matarsa, da jikan da aka haifa masa bana wanda yake ɗorawa a kafaɗa. A kafaɗar ce ya ɗora dardumar.

"Ba zan shiga ba," in ji shi.

Hayaniya ta tashi, wasu suka kai hannu ga takubba. Ya ɗaga murya irin ta filin daga.

"Ba na shiga, ba na taɓa ruwa, ba na taɓa ɗayanku. Malam, ina tambayar ka a gaban jama'a. Ina Sarki Mihrzad?"

Mobad ya ce, "Yana Dutsen Ungulu tun jiya da rana."

"Wa ya kai shi?"

"Kai."

"Da wa?"

Mobad ya ce, "Kai kaɗai."

Sai aka ji sautin ƙafafu, mutane suna ja da baya. Sojojin da suka bi shi cikin mashi da safe suka riƙa duba jikinsu, kowa na tuna ko rigarsa ta goge shi. Sohrak ya dubi hannun da ya miƙa masa jiya, ya share a cinya. Fili ya buɗe a kewayen Warazan, faɗin masussuka. Mobad ya juya ya shiga ciki, ba a jima ba hayaƙin rufin ya yi kauri, ya yi fari, ya ɗauke.

Yarima Shadfar ya iso ya tarar da gadon sarauta na jiran sa, aka kunna masa tasa wutar. Ya yi wa Mobad tarar shanu saboda shirun da ya yi. Ya bar Waziri a kan kujerarsa, don ba a samu wanda ya san sirrin fada kamarsa ba. Ya ba Sohrak sarautar Sarkin Yaƙi. Da aka kawo maganar Warazan, sabon sarki ya yi kuka a gaban fadawa, ya ce mutumin nan ya riƙe masa ƙasa da kafaɗarsa, ya sa a bar wa iyalinsa gonarsu. Sannan ya ce doka ta Ormazd ce, ba ta Shadfar ba.

Aka gina masa kewaye na dutse a wani faƙo inda ba ciyawa ba rijiya, ba hanyar shanu. Aka ba shi tsumma. Abinci a kan doguwar sanda ake miƙa masa ta wata kafa, ruwan sha kuma bai isa ya wanke fuska ba. Matarsa ta riƙa zuwa tana tsayawa daga nesa tana kiran sunayen 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya don ya san suna nan, har shekarar da ta daina zuwa.

Bai mutu da wuri ba, jikinsa mai ƙarfi ne. Da haƙoransa suka zube, gashinsa ya yi fari fat, aka zo aka hau da shi kan dutse aka sare kansa, yadda dokar ta tanada ga irinsa. Wanda ya riƙe takobin ba a haife shi ba lokacin yaƙin Zarabi. Da suna saukowa ya tambayi abokan aikinsa ko me tsohon ya yi. Suka ce sun ji dai an ce ya taɓa ɗaukar gawa.